Abin Da Ya Ɓace Daga Ƙwayar BCG

Idan ka ɗaga hannun rigarka, mai karatu, wataƙila za ka ga wani ɗan tabo a damtsenka na hagu. Shaidar allurar BCG ce, wadda ake yi wa jarirai domin kare su daga tarin fuka. Abin da aka zuba maka a ranar ƙwayar cuta ce mai rai, sai dai an karya lagonta. Waɗanda suka karya shi kuwa har suka bar duniya ba su san abin da suka raba ta da shi ba.

A shekarar 1908, a Cibiyar Pasteur da ke birnin Lille na Faransa, Albert Calmette da Camille Guérin suka ɗauko ƙwayar da ke sa wa shanu tarin fuka, suka shiga rainon ta a kan yankan dankalin turawa da aka jiƙa da ruwan maɗaciyar sa. Duk bayan mako uku sai su sauya mata mazauni. Sau 230 suka yi haka cikin shekara 13, ko Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya ci birnin bai tsayar da su ba. Sannu a hankali ƙwayar ta daina kashe dabbobin gwaji. A 1921 aka ba wani jariri ita ta baki a Faris, wanda tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa.

Sai a 1996 masu bincike suka gano cewa wani yanki na kundin halittar ƙwayar ya zube a kan hanya. Suka kira shi RD1. Zuwa 2003 aka fahimci aikinsa: a cikinsa ne ake samun umarnin gina wata 'yar ƙofa mai suna ESX-1, wadda ta nan ƙwayar ke fitar da furotin biyu, ESAT-6 da CFP-10.

Ka lura da hikimar wannan ƙofa. Ƙwayar tarin fuka na sanye da bango mai kauri kamar kakin zuma, wanda ke kare ta amma kuma yake tsare abin da ke cikinta. Idan ta shiga huhunka, dakarun garkuwar jiki sukan haɗiye ta, su kulle ta cikin wata jaka da nufin narkar da ita. Da furotin da ke fitowa ta ESX-1 take huda jakar, ta kashe wanda ya haɗiye ta, ta bazu. BCG ba ta da wannan makami, shi ya sa jikin jariri ke koyon kamanninta ba tare da ta kwantar da shi ba.

Ilimin ya iso asibiti. Tsohon gwajin fata yakan rikita wanda aka yi wa BCG da wanda ya kamu da cutar, amma gwajin jini na IGRA da waɗannan furotin biyu yake aiki, don haka allurar ba ta ruɗa shi.

Sai dai kada tabon ya yaudare ka. BCG na kare yara daga munanan nau'o'in cutar, irin wanda ke hawa ƙwaƙwalwa, amma kariyarta ga huhun babba ba abin dogaro ba ce. Tarin da ya kai mako biyu, ga zufar dare da rama, yana buƙatar gwajin majina, kuma a Najeriya kyauta ake ba da maganin na wata shida a asibitocin gwamnati.