Pesach: Idin da Yahudawa ke tuna kuɓuta daga hannun Fir'auna

Pesach, wanda a Hausa ake kira Idin Ƙetarewa, na daga cikin manyan bukukuwan addinin Yahudawa. Yana farawa ne a daren 15 ga watan Nisan na kalandarsu, wanda kan faɗo a Maris ko Afrilu. Kwana bakwai ake yi a Isra'ila, amma akasarin Yahudawan da ke wasu ƙasashe kwana takwas suke yi.

Asalinsa na cikin Littafin Fitowa na Attaura, inda aka ba da labarin yadda Annabi Musa ya fitar da Bani Isra'ila daga bauta a Masar. Bisa wannan ruwaya, a annoba ta goma an kashe 'ya'yan fari na Masarawa, aka ƙetare gidajen da aka shafa wa jinin ɗan rago a ƙofa. Daga nan sunan ya samo asali.

Kafin idin, akan share gida tas don kawar da duk abincin hatsi da ya kumbura da yisti. A madadinsa ana cin matza, busasshiyar gurasa marar yisti, domin tuna cewa kakanninsu sun fita cikin gaggawa, ƙullinsu bai tashi ba.

Ƙashin bayan bikin shi ne liyafar daren farko mai suna Seder. Iyali kan taru su karanta littafin Haggada, su sha kofi huɗu na ruwan inabi. Kowane abu a faranti da ma'anarsa: ganye mai ɗaci na nuna ɗacin bauta, ruwan gishiri hawaye ne, haɗin 'ya'yan itace da ake kira haroset kuwa kwatancin laka ce da bayi suka yi gini da ita.

Gasasshen ƙashi kuma yana tsaye ne a madadin ragon hadaya. An daina wannan yanka tun da Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70 Miladiyya, ko da yake Samariyawa na ci gaba da yinsa a Dutsen Gerizim kusa da Nablus.

Ƙaramin yaron gida ne ke yin tambayoyi huɗu game da abin da ya bambanta wannan dare da sauran darare, manya su amsa masa da labarin. Ta haka kowane zamani ke miƙa tarihin ga na bayansa.