Tikiġaq: Tarihi da Al'adun Wani Ƙauyen Inuit a Gaɓar Tekun Alaska

1.0 Gabatarwa

Tikiġaq, wanda Turawa suka laƙaba wa suna Point Hope, ƙauye ne na al'ummar Iñupiat, wani reshe na Inuit, a arewa maso yammacin jihar Alaska ta Amurka. Ma'anar sunan ita ce yatsa manuniya, domin ƙasar wurin ta miƙe cikin Tekun Chukchi tamkar yatsa. Wannan maƙala ta dubi yadda farautar teku ta riƙe ƙauyen duk da sauye-sauyen zamani.

2.0 Asali da Sana'a

Tsakanin 1939 da 1941, masana kayan tarihi Helge Larsen da Froelich Rainey sun tono kufan Ipiutak da ke gefen ƙauyen, mai guraben gidaje fiye da 500, waɗanda shekarunsu suka haura dubu. Rayuwar mutanen ta dogara ne ga aġviq, ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa. Ana farautarta da umiaq, wato kwalekwalen fata, shugaban mafarauta kuwa shi ne umialik, ma'ana mai kwalekwale. Martabarsa tana ga rabon nama, musamman a bikin Qagruq na watan Yuni. Hatta maƙabartar ƙauyen da ƙasusuwan aġviq aka shinge ta.

3.0 Zuwan Baƙi

A 1887 Turawa mafarauta suka kafa sansani kusa da ƙauyen. Cakuɗuwar harsuna a wurin ta sa aka raɗa masa suna Jabbertown, wato garin gwalan-gwalan. A 1890 John Driggs ya buɗe mishan. Babbar barazana ta zo a 1958, lokacin da hukumar makamashin nukiliya ta Amurka ta shirya haƙa tashar jiragen ruwa da bama-baman nukiliya a Cape Thompson, kimanin kilomita 50 daga ƙauyen. Mutanen suka ƙi amincewa, domin abincinsu daga wannan ƙasa da teku yake fitowa. A 1962 aka jingine shirin. A shekarar ce kuma ɗan ƙauyen, Howard Rock, ya kafa jaridar Tundra Times don kare haƙƙin 'yan ƙasa.

4.0 Kammalawa

Zaizayar gaɓa da ambaliya sun tilasta mayar da ƙauyen gabas kaɗan a shekarun 1970, Ingilishi kuma ya rinjayi harshen Iñupiaq a bakin matasa. Amma kalmomin farauta da na rabon nama suna nan daram, domin sana'ar da ta haife su ba ta mutu ba.