Yadda ake tallafa wa baƙaƙen fata masu ƙiba da ciwon suga su rage nauyi a Amurka

Kusan rabin baligai baƙaƙen fata a ƙasar Amurka suna cikin rukunin masu ƙiba fiye da kima, kamar yadda alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, suka nuna. A tsakanin matansu adadin ya haura rabi. Kimanin kashi 12 cikin 100 na baligansu likita ya tabbatar suna da ciwon suga, alhali a tsakanin fararen fata adadin bai wuce kashi 7 zuwa 8 ba. Matsalolin biyu suna tafiya tare, domin kitsen da ke taruwa a ciki da hanta yana hana sinadarin insulin aikinsa na kwashe suga daga jini. Shi ya sa likitoci ke ɗaukar rage nauyi a matsayin magani ga mai nau'i na biyu na ciwon.

Abin da ake nema bai kai yadda mutane ke zato ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yakan saukar da suga da hawan jini. Ga mai kilo 100, maganar kilo 5 zuwa 10 ke nan.

Wata hujja mai ƙarfi ta fito a 2002, daga binciken da aka fi sani da DPP. An bibiyi mutum 3,234 waɗanda suganansu ya fara hawa amma bai kai matakin ciwo ba, kusan ɗaya cikin biyar baƙaƙen fata ne. An ɗora wa rukuni guda burin rage kashi 7 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kuma kowane mutum yana da mai horarwa da ke bibiyarsa. Haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58 a wannan rukuni, yayin da masu shan ƙwayar metformin suka samu ragin kashi 31. Kariyar ta shafi kowane jinsi, sai dai mata baƙaƙen fata sun fi kowa ƙarancin zubar da nauyi.

Irin wannan giɓi ya sake bayyana a binciken Look AHEAD, wanda aka fara a 2001 da mutum 5,145 masu ƙiba da ciwon suga a cibiyoyi 16. A shekarar farko waɗanda aka ba kulawa ta musamman sun rage kashi 8.6 na nauyinsu, sauran kuwa ƙasa da kashi 1. Baƙaƙen fata sun rage ƙasa da abin da fararen fata suka rage, amma da shekaru suka tura, tazarar ta ƙanƙance, saboda waɗanda suka zubar da yawa tun farko sun mayar da wani ɓangare. Wannan ya sa auna nasara da watanni shida ko shekara guda kan zalunci majinyacin da jikinsa ke sauka a hankali. An dakatar da shirin a 2012 bayan an ga bai rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, ko da yake mahalarta sun rage shan magani kuma ƙarfin jikinsu ya ƙaru.

Masana ba su jingina wannan bambanci ga dalili guda ba. Unguwanni da yawa na baƙaƙen fata ba su da kantin da ke sayar da kayan lambu da araha, yayin da shagunan soye-soye da lemon kwalba suke ko'ina. Mai aiki biyu don riƙe gida ba zai iya halartar zaman mako-mako a asibitin da ke nesa ba. Jadawalin abincin da ake rabawa sau da yawa ba ya kama da abin da ake dafawa a gidajensu, musamman a jihohin kudu, inda soyayyar kaza da burodin masara da ganyen da aka dafa da nama mai gishiri suke abincin iyali da na coci. Hatta gyaran gashi, wanda ke cin kuɗi da lokaci, an gano yana sa wasu mata guje wa motsa jikin da zai sa su gumi. Akwai kuma tsohon rashin yarda da hukumomin lafiya, wanda ke da tushe a tarihi: daga 1932 zuwa 1972 an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani a Tuskegee ta jihar Alabama da sunan bincike.

Gwajin da ya fi nuna abin da ke aiki an yi shi ne a jihar Louisiana, aka wallafa sakamakonsa a 2020. Cibiyar Pennington da ke Baton Rouge ta zaunar da masu horarwa a cikin ƙananan asibitocin da marasa galihu suka saba zuwa. Asibitoci 18 da mutum 803 suka shiga, kashi biyu cikin uku baƙaƙen fata, wasunsu masu ciwon suga. A watanni shida na farko ana ganawa kowane mako, ido da ido ko ta waya, daga nan sau ɗaya a wata. An sauƙaƙa harshen takardun koyarwa, an kuma gina shawarwarin a kan abincin da mutum ya saba ci, ana rage yawansa ana canza yadda ake dafa shi. Bayan shekara biyu, waɗanda aka horar sun rage kusan kashi 5 na nauyinsu, masu kulawar yau da kullum kuwa kusan rabin kashi ɗaya. Wasu shirye-shiryen sun bi ta coci-coci, inda ake horar da 'yan majami'a su jagoranci darussan, domin mutum ya fi jin maganar wanda ya sani.

Sababbin allurai sun sauya lissafin. An amince da semaglutide don ciwon suga a 2017 da sunan Ozempic, sannan don ƙiba a 2021 da sunan Wegovy. Tirzepatide ya biyo baya a 2022 da sunan Mounjaro. Suna rage jin yunwa, suna saukar da suga. A gwajin semaglutide, marasa ciwon suga sun rage kusan kashi 15 na nauyinsu, masu ciwon kuma kusan kashi 10. Amma sun shigo kasuwa da farashin da ya kai kusan dala dubu a wata, kuma nazarin bayanan inshora ya nuna ba a cika rubuta wa baƙaƙen fata irin waɗannan magunguna kamar yadda ake rubuta wa fararen fata ba. Haka abin yake da tiyatar rage tumbi. Nauyin kuma yakan dawo idan aka daina allurar.

Mai ciwon suga ba ya fara rage abinci da ka. Insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide suna ƙara nauyi, kuma idan mutum ya rage ci ba a rage musu adadi ba, suga na iya faɗuwa har ya suma. Dole likita ya daidaita maganin tun daga makon farko.

Ma'aunan kansu suna buƙatar lura. A Amurka ana cewa mutum yana da ƙiba idan ma'aunin nauyi da tsayi na BMI ya kai 30, amma a Birtaniya hukumar NICE ta saukar da shi zuwa 27.5 ga 'yan asalin Afirka da yankin Karebiyan, saboda ciwon kan kama su tun nauyinsu bai kai can ba. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na kusan watanni uku, yana iya ba da adadi ƙasa da na gaskiya ga mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila, wato AS. Kimanin baƙar fata ɗaya cikin 13 a Amurka yana ɗauke da ita. A Najeriya kuwa kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu, don haka ya dace mai rukunin AS ya shaida wa likitansa kafin a dogara da wannan gwaji, a haɗa masa da awon suga na safe kafin karin kumallo.