Abin da Duwatsun Inugu Ke Nunawa Game da Asalin Man Fetur

Unguwar Coal Camp da ke Inugu ta samo sunanta ne daga ma'aikatan haƙar kwal, wanda aka gano a tsaunukan Udi a 1909, aka kuma fara kai shi Fatakwal ta jirgin ƙasa a 1916. Tsaunukan da ke yamma da unguwar sun zama makaranta ga masana kimiyyar ƙasa, domin duwatsun da a wasu wurare sai an haƙa rijiya mai zurfi kafin a kai gare su, a nan suna fili, hawa-hawa.

Hawan ƙasa shi ne baƙin dutsen laka da ake kira da sunan Inugu, wanda ya kwanta a ƙarƙashin teku fiye da shekara miliyan 65 da suka shuɗe. Irinsa ne ke haifar da mai: ragowar ƙananan halittu da laka ta binne kan dahu da zafin ƙasa, tsakanin digiri 60 zuwa 120, har su zama ɗanyen mai. Idan zafin ya zarce haka, iskar gas ake samu.

A kansa akwai hawan Mamu, mai ɗauke da kwal, wanda ya fi ba da gas. Sama da shi kuma dutsen yashi ne na Ajali, mai yawan ƙofofi. Shi ne rumbu, inda mai kan taru bayan ya taso daga inda ya dahu. Waɗannan ƙofofi ne ke riƙe ruwan da rijiyoyin burtsatse na Ninth Mile ke zuƙowa. Sai dai rumbu ba ya amfani sai da murfin laka da zai hana man tserewa.

Wannan tsari na uwa, rumbu da murfi shi ne ya azurta Neja Delta, inda lakar Akata ke ciyar da yashin Agbada, aka kuma samu mai a Oloibiri a 1956. Shi ne kuma abin da kamfanin NNPC ya bi a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda ya sanar da samun mai a 2019. Haƙa rijiya ɗaya na cin miliyoyin daloli, don haka kuskuren karanta hawan dutse asara ce babba.