Koyar da Aktib da Fasib ga Yaron da Ya Tashi da Hausa

Nahawun Ingilishi yana da siga biyu ta faɗin aiki guda. A ta farko, wadda malamai ke kira aktib, aikau, wato mai yin aikin, shi ke buɗe jumla: "Musa broke the pot." A ta biyu, wato fasib, karɓau, abin da aikin ya faɗa wa, shi ke dawowa gaba, aikatau ya ɗauki sigarsa ta uku bayan "is" ko "was" ko wani danginsu, aikau kuwa ya koma ƙarshe bayan kalmar "by", ko ma a yar da shi ɗungurungum: "The pot was broken." Darasin yakan fara daga manyan azuzuwan firamare, ya bi ɗalibi har jarrabawar WAEC da NECO.

Hanyar da aka saba ita ce ta juyi. Malami ya jera jumloli goma a allo, yara su yi ta juya su kamar waina a tanda: na gaba ya koma baya, na baya ya dawo gaba. Wannan yana koyar da ƙira, amma ba ya gaya wa yaro dalilin da zai sa mai magana ya zaɓi wannan siga ya bar waccan. Yana kuma cusa masa cewa kowace jumlar fasib sai da "by" a gindinta, alhali Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban littafinsu na nahawun Ingilishi na 1985, sun kimanta cewa kusan huɗu cikin biyar na jumlolin fasib ba sa ambaton wanda ya yi aikin. Ke nan nau'in da ya fi ƙaranci a bakin masu harshen shi aka fi horar da yara a kansa.

Hausa ba ta da fasib irin na Ingilishi, amma tana da kayan da ke yin aikinsa, kuma yaro ya iya su tun kafin ya taka ƙofar makaranta. Na farko shi ne wakilin sunan nan da ba ya nuna kowa: an, aka, ana, za a, akan. Wanda ya ce "an kama ɓarawo" ya ɓoye mai kamun, kamar yadda "the thief was caught" ta ɓoye shi. Yaron da ya fasa tulu, ya ruga ya ce wa uwarsa "an fasa tulu", ya riga ya san amfanin fasib fiye da yadda allo zai koya masa. Lokutan ma suna tafiya kafaɗa da kafaɗa: "ana gyara motar" daidai take da "is being repaired", "za a gyara ta" kuma da "will be repaired". In aka fara daga nan, jerin sigogin da yara ke haddacewa da ƙyar sai ya sami abin jingina.

Na biyu shi ne aikatau mai ƙarewa da wasalin u, wanda F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai cikin rabe-raben aikatau na Hausa da ya wallafa a 1960: gyaru, dafu, ɗauru. A nan karɓau ya zama jigon jumla, kamar a Ingilishi. Sai dai wuri ne mai santsi. "Nama ya dafu" ba dafawa kawai take nufi ba, har da cewa dahuwar ta yi kyau. "Motar ba ta gyaruwa" kuwa magana ce ta rashin yiwuwa, wadda Ingilishi zai fassara da "cannot be repaired". Akwai kuma faru da auku, waɗanda suke da wannan ƙira amma ba wani karɓau a bayansu. Ɗalibin da aka gaya wa cewa duk mai u fasib ne yana iya rubuta "the accident was happened". Kuskure ne da ake samu wurin masu koyon Ingilishi a ƙasashe da dama, maganinsa kuma shi ne a fara tantance aikatau so-karɓau da ƙi-karɓau kafin a taɓa juyi. Ko cikin so-karɓau ɗin akwai masu ƙin juyuwa: Bature ba ya cewa "a car is had by Musa".

Inda harsunan biyu suka fi rabuwa shi ne wajen ambaton aikau. Hausa ba ta haɗa "an" da sunan wanda ya yi aikin. Jumla irin "an fasa tulu ta hannun Musa", wadda fassarar gaggawa kan haifar, kunnen Bahaushe ba ya karɓarta. Ingilishi yakan ajiye sabon labari a ƙarshen jumla, shi ya sa amsar tambayar wa ya fasa tulu take iya zama "it was broken by Musa". Hausa kuwa gaba take jawo abin da take son jaddadawa: "Musa ne ya fasa shi." Saƙo ɗaya, tsari kishiyar juna. Ya kamata a nuna wa ɗalibi wannan ƙarara, don ya daina neman takwarar "by" a harshen da ba shi da ita.

Saura sigar aikatau ta uku, su "written" da "taken" da "caught", wadda ke haifar da irin su "was catch". Babu makawa sai an haddace marasa bin ƙa'ida, amma ma'anarsu ba baƙuwa ba ce, domin rubutacce da dafaffe da karyayye aikin da suke yi ke nan.

Wajen atisaye, guntun rubutu ya fi warwatsattsun jumloli amfani. Rahoton gwajin kimiyya, inda aka tafasa ruwa aka auna zafinsa, ko labarin jarida kan ginin gada, suna ba da dama a tambayi yara wa ya yi aikin, kuma me ya sa marubuci bai faɗa ba: bai sani ba ne, ko kowa ya sani, ko rufa wa wani asiri yake yi. Bayan sun amsa da Hausa, sai a ba su jumlar aktib su yanke hukunci ko ta cancanci a juya ta.