Ƙarkon babbar mota da riƙon amanar masu saye

A harkar sufurin kaya a Nijar, mai mota ba ya saurin barin kamfanin da ya saba da shi. Dalili shi ne babbar mota jari ce ta shekaru, kuma kwana ɗaya da za ta yi a tsaye asara ce ga mai ita, da direba, da mai kaya.

Hanyoyin ƙasar su ne ke tantance mota. Daga Agadas zuwa Dirku rairayi ne da zafi, babu garaji a kusa. Daga tashoshin ruwa na Kwatano da Lome kuwa, tafiya ce mai nisa da lodi mai nauyi. Motar da ta jure wannan, labarinta na yaɗuwa a tasha fiye da kowace talla.

Misali na farko shi ne Berliet ta Faransa. Tsakanin 1959 da 1960, motocinta tara suka ratsa hamadar Tenere, abin da ya ƙara mata suna a Sahara. An daina saka sunan Berliet a kan sababbin motoci a 1980, bayan da Renault ya mallaki kamfanin.

Na biyu shi ne Mercedes-Benz mai guntun hanci, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1959, aka ci gaba har cikin shekarun 1990. Kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗa manyan motocin Mercedes a Inugu ta Najeriya tun daga 1981. Injinta mai sauƙin sha'ani ne, babu na'urorin kwamfuta, shi ya sa bakanike ke iya tayar da ita a bakin hanya.

Ƙarko na jawo wasu abubuwa uku: makanikan da suka ƙware a kan injin, kayan gyara da ake samu a Maraɗi, Damagaram ko Kano, da kuma daraja idan aka tashi sayarwa. Wanda ya sauya kamfani zai iya rasa duka ukun.

Yanzu motocin ƙasar Sin irin su Howo na shigowa da farashi mai rahusa. Masu saye na duba shekara nawa za su yi suna aiki, da ko za a samu kayan gyaransu a lokacin da ake buƙata.