Lambu da Ayarin Gero a Tarihin Tamanrasset

Sa'ad da Charles de Foucauld ya sauka Tamanrasset a 1905, bukkoki kamar 20 ya tarar a bakin kwari. Manoman da ake kira Haratin, waɗanda suka fara zuwa daga Tidikelt a ƙarni na 19, su ke noma alkama da gero a lambunan Abzinawan Ahaggar, suna ban-ruwa ta magudanan ƙarƙashin ƙasa. Sai dai amfanin lambun ba ya kai gida shekara. Saboda haka ayari kan kai gishirin Amadror zuwa Damargu, a Nijar ta yau, ya komo da gero. Bayan 'yancin Aljeriya a 1962, tsaron iyaka da fari suka durƙusar da ayarin, garin alkama na kanti ya gaje tukunya.